Nauyin Da Ka Guje Wa A Hanya

Na yi shekaru masu yawa ina sayar da albasa a kasuwar Agbogbloshie ta birnin Accra, wanda mu mutanen Zango muke kira Ankara. Duk wanda ya zauna a wannan kasuwa, ko bai taɓa shiga aji ba, tilas ya san ilmin nauyi. Manyan motoci suna tasowa daga Galmi ta ƙasar Nijar, su ratsa Burkina Faso, su shigo ta Paga, su sauke mana buhunan da kowane ya haura kilo 100. Ga kuma 'yan matan arewa masu dako, waɗanda ake kira kayayo, suna kai da kawowa da manyan kwanoni a ka tun asuba. A bakinsu na fara jin wata magana da ta zauna mini. Suka ce kaya ba ya ɓacewa: in ka rage shi don wuyanka ya huta, to, ƙafarka za ta biya, don sai ka yi sawu biyu.

Wata rana a shekarar 2019, ina zaune a rumfa ina lissafin buhuna, sai waya ta yi ƙara. Ɗan ƙanwata ne, yaron da aka haifa a Maamobi, wanda neman abinci ya kai shi birnin Denver a jihar Colorado ta Amurka. Bayan mun gaisa, ya tambayi mutanen gida, sai ya ce, "Kawu, shawara nake nema. Mama ta ce kun yi farauta a da."

Ashe abokan aikinsa ne suka ja shi zuwa farautar wani babban naman dawa da suke kira elk, mai ƙaho kamar rassan itace, wanda namijinsa yakan kai kilo 300, wato kamar gwankinmu ko ya ɗara. Ya yi karatun da hukuma ta wajabta wa maharba, ya sami takardar izini. Saura bindiga. Da yake a kan duwatsu ake wuni ana hawa da sauka, ya ga wata marar nauyi, kilo 2.7, ransa ya biya. Mai kanti ya ce ya zaɓi harsashin da yake so a ba shi bindigar a kai, ko .308 Winchester ko .300 Winchester Magnum. Abokansa duka suka ce ya ɗauki na biyun, wai babban nama sai babban harsashi.

Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Amsar tana bakina tun a lokacin, amma akwai labarin da ban taɓa ba shi ba, kuma ina jin nauyin ba da shi.

Kafin in shiga labarin, bari in yi wa mai karatu bayanin waɗannan lambobi, don kada su rikita shi. Lambar da ake kiran bindiga da ita tana nuna faɗin ramin bututunta ne, ko kaurin harsashin da yake bi ta ciki. Turawan Ingila da Amurka suna aunawa da inci, sauran ƙasashen Turai da milimita. Saboda haka .303 ta sojan da, da .308, da .300, duka kusan kashi 3 cikin 10 na inci ne, kimanin milimita 8 ba kaɗan. To ina bambancin? Yana cikin kwanson da yake riƙe da albarushi. Kwanson .308 tsawonsa milimita 51 ne, yana cin albarushi wajen giram 3. Na .300 Magnum ya kai milimita 67, yana cin fiye da giram 4 da rabi. In aka ɗora wa kowanne harsashi mai giram 11.7, na farko zai fita da gudun mita 800 a daƙiƙa, na biyu mita 900. Wannan ƙarin mita 100 shi ne abin da abokan yaron suke yabo. Abin da ba su gaya masa ba shi ne kuɗin da kafaɗa take biya.

Kowace bindiga tana hauri. Ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne yake turo bindigar baya, kuma nauyin bindigar ne yake shanye wani sashe na wannan hauri kafin ya iso ga mutum. Lissafin ba shi da wuya. In ka rage nauyin bindiga da rabi, ƙarfin haurinta ya ninka biyu. Wanda ya bar mai kilo 4 ya koma mai kilo 2.7 ya ƙara wa kansa rabin hauri ke nan. In kuma ya bar .308 ya koma .300 Magnum, ya sake ƙara wajen rabi a kan wancan. In ya haɗa su biyun, zai sha fiye da ninki biyu na abin da zai sha a hannun bindigar da aka saba. Ni ban koyi wannan a takarda ba tukuna. A jikina na fara koyonsa, da jikin wani wanda bai ci ba bai sha ba.

A watan Janairu na 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba da umurni baƙi marasa takardu su bar Nijeriya. Ina cikin mutanen Ghana wajen miliyan ɗaya da suka kwaso jiki suka dawo. Na baro Agege da 'yar jaka da rediyo, na iske gida babu daɗi. Ruwan sama ya ƙi, wutar daji ta cinye gonaki, a Nima mutane suna bin layi don ɗanyen dokunu tun kafin a dafa shi. Da uwata ta ga zaman ba zai yiwu ba, sai ta tura ni wurin wanta, wanda yake noma da farauta a wani ƙauye na ƙasar Gwanja, tsakanin Makango da Salaga. Na bi mota zuwa Yeji, na haye tafkin Volta a jirgin fito, na same shi.

Kawuna tsohon soja ne. Ya shiga rundunar Gold Coast a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kai su Bama suka yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan a 1944. Saboda irinsu ne har yau ake kiran babban barikin soja na Ankara da sunan Burma Camp. Mutum ne marar yawan magana. Bindigarsa mai baki ɗaya ce, lamba 12, irin mai watsa ƙwayoyin dalma, wadda yawancin maharban ƙasarmu suke riƙewa. Tana da takardar 'yan sanda, kuma kowace shekara sai ya je ya sabunta. Tsohuwa ce, doguwa, mai nauyi. Ni nake ɗaukar masa ita in mun fita, kafin rana ta take sai in ji kafaɗata kamar za ta cire.

Wajen ƙarshen shekara na sayar da rediyona, na sayi bindiga a hannun wani baƙo. Ita ma lamba 12 ce, amma an rage mata tsawon bututu, an fere kotarta har ta zama siririya. Da na ɗaga ta sai na ji kamar sandar makiyayi. Na yi murna ƙwarai. Na kuma nemo harsasai mafi ƙarfi da na iya samu, masu manyan ƙwayoyi, don a ganina abin da bindigar ta rasa a jiki sai ta cike shi a baki. Kawu ya karɓa ya jinjina ta a tafin hannu, ya miƙo mini, ya ce, "Wannan ta fi ƙarfinka." Na yi dariya a zuci. Ina saurayi mai shekara 21, abin da bai kai nauyin ƙaramar doya biyu ba ya fi ƙarfina?

Ranar da na fara gwada ta a jikin wata kuka, ta haure ni har leɓena ya fashe, kunnena ya wuni yana ƙara. Na ɓoye, ban gaya wa kowa ba. Na harba sau uku ko huɗu a makonnin da suka biyo, kowane harbi sai kafaɗa ta kwana tana zogi.

A watan Fabrairu na 1984 muka fita da asuba, mu biyu da karen Kawu. A bakin wani rafi da ya kusa ƙafewa muka ga mazo namiji ya fito shan ruwa, bai fi taku 30 daga inda muke ba, ya ba mu gefe. Mazo ba wani babban nama ba ne, da wuya ya kai nauyin buhun siminti, amma a wannan shekara nama ne na gida guda har mako biyu. Kawu ya taɓa ni da yatsa, alamar ya bar mini. Na ɗaga, na saita bayan kafaɗarsa kamar yadda aka koya mini, na ja kunama. Mazon ya yi tsalle ya ƙudundune, ya faɗa cikin sarƙaƙiya yana jan ƙafar baya.

Kawu ya duba jinin da ya zuba, ya sansana ciyawar, ya ce a ciki na same shi. Ya ce mu zauna mu jira, jikinsa ya yi sanyi ya kwanta. Ni kuwa ina tsoron kada naman ya tsere, ga kunya tana cina. Ban jira ba, na kutsa, kare ya bi ni, dole Kawu ya biyo mu. Duk maharbi ya san mazo namiji in ya ji rauni ba ya gudu da nisa, laɓewa yake yi ya jira. Ƙahonsa gajere ne, amma tsininsa kamar mashi. Ya fara soke karen a haƙarƙari. Da ya yo kaina, Kawu ya ture ni gefe, ƙahon ya shige cinyarsa. Yana ƙasa ya juya tsohuwar bindigarsa ya gama da shi da harbi ɗaya.

A kan keke na turo shi har bakin hanya, kafin mu sami motar da ta kai mu asibiti. Magani ya yi wuya a ƙasar a wancan lokaci, abin da muka kashe ya ninka kuɗin mazo sau da yawa. Karen ya mutu a daren. Naman ma rabinsa ya lalace, don abin cikin ya fashe ya ɓata shi. Kawu bai yi noma a daminar 1984 ba, kuma da ɗingishi ya yi sauran kwanakinsa na duniya.

Bai zage ni ba, bai kuma kai ƙarata wurin uwata ba. Da ya fara takawa da sanda, wata yamma ya ce in ɗauko bindigata. Ya juya mini baya ya ɗura ta, ya miƙo mini, ya ce in harbi wani tsohon gwangwani da ya ɗora a kan kututture. Na saita, na ja kunama. Sai ƙaras! Babu harsashi a ciki. Amma ga ni na runtse ido biyu, na noƙe wuya, bakin bindigar ya karkace ya sunkuya yana kallon ƙasa. Kawu ya ce, "Ka gani? Tun kafin ta yi magana ka gudu. Ba mazo ka harba ba ran nan, tsoronka ka harba."

A daren ne ya ba ni labarin Bama, abin da bai saba yi ba. Ya ce bindigar da aka ba su, .303 Lee-Enfield, ta kai kilo 4, kuma babu sojan da bai tsine mata ba a hawan dutse cikin ruwan sama. Amma in an zo harbi, sai ta zauna a kafaɗa kamar jariri a bayan uwarsa. Ya ce, "Nauyin da ka guje wa a hanya, yana nan yana jiranka a kunama." Shekaru da yawa bayan haka na karanta cewa Turawan Ingila da kansu sun faɗa wannan rami. A 1944 sun fito da wata gajeriyar Lee-Enfield mai lamba 5 don yaƙin kurmi, suka rage mata bututu da santimita 16, nauyinta ya sauko zuwa kimanin kilo 3.2, harsashin kuwa bai canja ba. Sojoji suka ji daɗin ɗaukarta, suka yi ta kuka da haurinta, duk da robar da aka liƙa mata a gindi. A 1947 aka daina ƙera ta.

Da na shiga bin labarin maharban duniya, sai na tarar maganar Kawu tana ko'ina. Wani Bature ɗan Sikotilan, W. D. M. Bell, wanda ake yi wa laƙabi da Karamojo, ya kashe giwa fiye da 1,000 a farkon ƙarni na 20, yawancinsu da ƙaramin harsashi mai milimita 7. Ban kawo shi don yabo ba, irin wannan ɓarna ce ta sa jikokinmu sai sun je gandun Mole kafin su ga giwa. Na kawo shi ne don a ga cewa sanin inda za a sa harsashi ya fi girman harsashin. A ƙasar Suwidin, fiye da shekara 100 ke nan maharba suna kayar da wani naman dawa da ya fi elk girma da harsashi mai milimita 6.5, wanda aka yi wa sojansu tun 1894. Hukumar Colorado kanta, inda yaron yake, mafi ƙanƙantar abin da ta yarda a harbi babban nama da shi milimita 6 ne.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka cewa ƙarami kullum shi ne daidai. Akwai naman da in ka taɓa shi bai faɗi ba, kai zai nema, kamar ɓauna. Don haka ne ƙasashe da dama na gabashi da kudancin Afirka suka sa doka cewa ba a tunkarar irin waɗannan da abin da bai kai .375 ba, wato harsashin da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi a 1912, mai nauyin giram 19. Sai dai ka duba bindigogin da ake ƙera wa wannan harsashi, za ka tarar sun kai kilo 4 ko sun wuce. Masu ƙera su sun san abin da suke yi. In nama ya tilasta maka babban harsashi, to, ya tilasta maka ɗaukar nauyi. In kuwa dutse ya tilasta maka bindiga marar nauyi, sai ka haƙura da matsakaicin harsashi, ka matsa kusa da naman. Wanda ya ce sai ya haɗa biyun, shi ne ni a 1984.

Da kwana biyu suka cika na kira yaron. Na ba shi labarin kakansa daga farko har ƙarshe, har da inda na ƙi jira. Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, ashe abin da ya sa Kaka yake ɗingishi a hoton nan ke nan? Mama cewa ta yi raunin yaƙi ne." Na ce uwarka ma abin da aka gaya mata ke nan.

Sa'an nan na ba shi shawara. Na ce ya ɗauki .308. Tun 1952 ake aiki da shi, ya isa elk a tazarar da sabon maharbi ya kamata ya tsaya, kuma da yake kwansonsa gajere ne, albarushinsa kaɗan, yana yin aikinsa a gajeren bututu, ba kamar Magnum ba da yake son dogo. Harsashinsa yana da araha, ana samunsa a kowane kanti, saboda haka zai iya yin gwaji da yawa, gwaji kuwa shi ne rabin farauta. Na ce in ya ɗaura madubin hangen nesa, nauyin ya haura kilo 3, kada ya yi baƙin ciki, riba ce. Na ce ya nemi harsashi mai ƙarfin jiki wanda ba ya tarwatsewa a kan ƙashi. Na ƙarshe, na ce ya sa wani abokinsa ya yi masa gwajin Kawu: ya riƙa ɗura masa bindiga a ɓoye, wani lokaci da harsashi, wani lokaci babu. Ranar da ya ja kunama a kan wofi bakin bindiga bai motsa ba, ranar ya zama maharbi. Tazarar da zai iya sa harsashi biyar a jere cikin faɗin faifai, ita ce iyakarsa, kada ya wuce ta ko da nama ya kai raƙumi.

A watan Nuwamba ya sake kira. Ya ce sun kwana biyar a kan dutse cikin sanyi. A rana ta huɗu ya ga namiji ƙato a tsallaken wani kwari, wajen mita 400, iska tana kaɗawa. Abokinsa ya yi ta zuga shi ya gwada sa'a. Ya ce ya ɗora yatsa a kunama, sai ya tuna da cinyar kakansa, ya sauke. Ya dawo gida hannu wofi, kuɗin takarda da na mai sun tafi a banza, abokai suna yi masa ba'a. Yana faɗa yana jin kunya. Ni kuwa ina rumfa a tsakiyar warin albasa, hawaye suna zubo mini, maƙwabcina yana tsammani albasar ce. Na ce masa, ɗana, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai a shekara ta biyu ya kayar da nasa, a mita 150, da harbi ɗaya.

Abubuwa da yawa sun canja. A ranar 1 ga Yuli 2021 hukuma ta tashe mu daga Agbogbloshie, aka mai da kasuwar albasa Adjen Kotoku, aka rushe filin 'yan gwangwan da ke kusa da mu. Dajin da muka yi farauta a ƙasar Gwanja ya zama gonakin doya da wuraren ƙona gawayi. Tun 1971 dokar Ghana ta ware watanni huɗu, daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, don namun dawa su haihu su yi reno, ta kuma hana taɓa giwa ko da yaushe, amma duk da haka naman yana ta raguwa. In nama ya yi ƙaranci haka, wanda aka ji wa rauni ya je ya mutu a sarƙaƙiya hasara biyu ce, babu a tukunya, babu a daji.

Ni dai tun 1984 ban sake harba bindiga ba. Waccan siririyar, Kawu ya sa maƙeri ya sare ta, aka yi fartanya da ƙarfenta. Amma maganarsa tana bina har kasuwa. Na ga yara da yawa a Nima da Maamobi suna neman abin da ba shi da nauyin ɗauka amma yana da babbar ƙara, ko a ciniki, ko a aure, ko a tafiya Turai. Nakan so in zaunar da su in gaya musu cewa nauyin yana nan gaba yana jira, kuma sau da yawa wanda yake tsaye kusa da kai shi yake biya. Ka auna kafaɗarka tukuna, ka auna abin da za ka tunkara, sa'an nan ka zaɓi makami. Allah ya jiƙan Kawu, ya ba mu ikon sanin iyakarmu.